Ra'ayinmu: Waɗanne iyaye za a ji ta bakinsu a Azare da Katagum?

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, akwai wata sana'a da kan farfaɗo a ƙasar nan ba tare da an ji amonta ba. Ba a buga mata ganga, ba a kuma liƙa mata hoto a bango. 'Yan takara da jam'iyyu, da kamfanonin binciken ra'ayin jama'a, har da ƙungiyoyi masu zaman kansu, sukan tura ma'aikatansu garuruwa su tara mutum takwas ko goma a ɗaki guda, a ajiye musu ruwa da lemo, a kunna na'urar ɗaukar murya, sannan a shafe awa ɗaya da rabi ko biyu ana jan su da hira. Me ke hana ka barci? Wane ne cikin masu neman kujerar nan kake jin zai iya? In an ambaci sunan wane, me ke fara zuwa maka a rai? Daga abin da aka tsinta a irin wannan zama na jin ra'ayi ake tace kalmomin da ɗan takara zai furta a kan dandamali, da taken da za a yi ta maimaitawa a rediyo har yara su haddace.

Zaɓen 2027 na nan tafe, kuma a shekarar ce wa'adi na biyu na Gwamnan Bauchi Bala Abdulƙadir Mohammed zai cika, wato kujerar za ta kasance babu mai kare ta. Duk mai neman ta ya san ba zai kai labari ba sai ya fahimci abin da ke zuciyar mutanen Bauchi ta Arewa, wato ƙananan hukumomin Katagum, Zaki, Gamawa, Itas/Gadau, Shira, Giade da Jama'are. Don haka masu ɗaukar murya za su sauka Azare, kuma cikin waɗanda za su fara nema akwai iyaye. Dalilin a fili yake. Uba da uwa ne ke ɗauke da nauyin kuɗin makaranta da na magani da farashin kwanon gero, kuma a gidajenmu maganar magidanci ko ta uwargida takan ja ƙuri'u da dama a bayanta.

Wannan jarida ba ta ga laifin a tambayi mutane ra'ayinsu ba. Ɗan siyasar da ya aika a saurara masa ya fi wanda ya zo da jerin gwanon motoci ya yi surutunsa ya wuce. Abin da ya dame mu shi ne ƙofar ɗakin: wa ke tsaye a bakinta, kuma wa yake bari ya shiga. Tun kafin a yi tambayar farko, wanda ya zaɓo mutanen ya riga ya rubuta rabin amsar.

Dabarar ta daɗe a duniya. A 1941 wasu masana zamantakewa biyu a Jami'ar Kolombiya da ke birnin New York, Paul Lazarsfeld da Robert Merton, suka fara tara mutane suna kunna musu shirye-shiryen rediyo, suna tambayarsu abin da ya burge su da abin da ya ɓata musu rai. 'Yan kasuwa suka ɗauka don tallan hajarsu, daga bisani 'yan siyasa suka ara. A 1985 Stanley Greenberg ya zauna da ma'aikata a gundumar Macomb ta Jihar Michigan don gano abin da ya sa suka juya wa jam'iyyar Democrat baya suka bi Ronald Reagan, kuma abin da ya jiyo ya yi tasiri a yaƙin neman zaɓen Bill Clinton na 1992. A Ingila, Philip Gould ya yi wa Tony Blair irin wannan aiki kafin nasararsa ta 1997. A nan gida ma jam'iyyu sun san darajar masu irin wannan sana'a, domin kafin zaɓen 2015 APC ta ɗauki kamfanin AKPD, wanda David Axelrod, mai ba Barack Obama shawara, ya kafa. Abin lura game da aikin Greenberg shi ne bai tara 'yan gani-kashe-nin jam'iyyarsa ba. Waɗanda suka yi fushi suka tafi, su ya bi sawu.

Aikin yana da ƙa'idojin da duk wanda ya koye shi ya sani. Mutum goma ba sa wakiltar gari, saboda haka ba a fitar da alƙaluma daga zaman, ba a cewa kashi kaza cikin ɗari na iyayen Azare sun ce kaza. Abin da ake nema shi ne dalilin da ke bayan ra'ayi, da lafazin da mutane ke faɗinsa da shi. Akan rubuta takardar tantancewa tun farko, a nemi mutanen da matsayinsu ya kusanci juna don kada wani ya danne wani, waɗanda kuma ba su shaƙu da juna ba don kada kunya ta ɗaure musu baki. Akan cire duk mai riƙe da muƙamin jam'iyya ko mai cin abinci a gidan ɗan takara. Sannan akan maimaita zaman a wurare dabam-dabam har sai an ga an daina jin sabon abu.

To, a ɗauko waɗannan ƙa'idoji a kawo su ƙasar Katagum. A ce an turo wani matashi daga Abuja, an ba shi kwana biyu da takarda mai cewa ya samo iyaye maza goma da mata goma daga Katagum. Tun daga sunan zai fara tuntuɓe. Katagum sunan masarauta ne, sunan ƙaramar hukuma ne mai hedikwata a Azare, kuma sunan tsohon gari ne can arewa, wanda a yau shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zaki. Daga wannan gari aka dawo da fadar sarki Azare tun zamanin Turawan mulkin mallaka, fiye da shekara ɗari ke nan. Baƙon da bai san haka ba zai sauka a otal a Azare, ya kammala aikinsa a unguwannin da ke kusa da masaukinsa, ya koma ya rubuta cewa ya ji ta bakin Katagum. Bai taka Chinade ko Madara ko Bulkachuwa ba, balle garin Katagum ko Sakwa, balle ƙauyukan fadama da ruwa kan killace da damina. Wanda ya tuna yadda ambaliyar 2024 ta datse babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a wannan yanki ya san cewa in titin gwamnatin tarayya ya yanke, hanyar ƙauye ba a ma maganarta. Azare gari ne na ma'aikata da 'yan kasuwa, mai babban asibitin tarayya da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya. Damuwar malamin kwaleji da ke neman makarantar kuɗi mai rangwame dabam take da ta manomin shinkafa da ruwa ya cinye wa gona, ko da yake dukansu iyaye ne.

Baƙo ba ya shiga gari ya fara sallama gida-gida, sai ya nemi ɗan gari. Ɗan garin da ya fi kowa saurin tara mutum ashirin cikin yini guda kuwa sananne ne: shugaban jam'iyya na mazaɓa, ko shugabar mata, ko na hannun daman kansila. Tara mutane aikinsa ne, har littafin sunaye gare shi. Zai kawo ƙaninsa da maƙwabcinsa da matar da ke dafa abincin taro da wanda ya taɓa yi wa hanyar taki. Za su zo cikin shiga ta mutunci, sun riga sun san wanda ya aiko da abin da yake son ji. Da an tambaya sai babbansu ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mu nan ba mu da kowa sai mai gida." Saura su gyaɗa kai. Mai bincike ya rubuta, ɗan takara ya karanta ya ji daɗi, alhali kuɗi ya kashe ya sayo madubi.

Alƙaluman zaɓen da ya wuce sun isa su tsorata mai irin wannan aiki. A zaɓen gwamna na 2023 Bala Mohammed na PDP ya samu ƙuri'u 525,280, yayin da Sadique Baba Abubakar na APC, tsohon Babban Hafsan Sojin Sama kuma ɗan Azare, ya samu 432,272. Masu rajistar zaɓe a jihar sun haura miliyan 2.7. Ma'ana, waɗanda suka fito ba su kai rabi ba. Rukuni mafi girma a siyasar Bauchi shi ne na waɗanda suka zauna gida, kuma yawancinsu ba sa cikin littafin shugaban mazaɓa. Me ya hana su fita? Nisan rumfa ne, ko tsoron 'yan sara-suka, ko kuwa sun yanke ƙauna ne? Wanda ya iya amsa wannan ya fi wanda ya tara magoya baya ɗari suna yi masa kirari. Amma ba za a samu amsar daga bakin mutanen da ke kwana a ofishin jam'iyya ba.

Wani zai ce a bi ta hannun mai unguwa ko dagaci. Babu shakka al'ada da ladabi sun wajabta a sanar da su, kuma baƙon da ya shiga ƙauye da na'urar ɗaukar murya ba da saninsu ba ya jawo wa kansa. Sai dai sanarwa dabam, miƙa musu alƙalamin zaɓen mutane dabam. Masu sarauta a ƙarƙashin gwamnati suke, kuma talakan da dagaci ya turo zai auna kowace kalma, domin ya san gobe a gaban dagacin zai kai ƙarar iyakar gona. Ban da haka, jawo su cikin hidimar ɗan takara zubar musu da ƙima ne.

Hanyar da ta fi ruɗi ita ce ta makaranta, saboda tana kama da gaskiya. Kana neman iyaye, ina ya fi makaranta? A ga hedimasta, ya kira shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, kafin la'asar an cika aji. Amma waɗanda aka tara iyayen yaran da ke makaranta ne kawai. A 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa yara kimanin miliyan 20 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, kuma Bauchi na cikin jihohin da matsalar ta fi tsanani. Uban da ya cire 'yarsa daga aji huɗu ya ɗora mata talla, da wanda ya haɗa wa ɗansa allo da ƙoƙo ya tura shi gabas, da Bafulatanin da rugarsa ke da nisan tafiyar awa biyu daga firamare mafi kusa, babu ɗayansu da sunansa ke hannun hedimasta. Su ne kuwa suka fi kowa sanin inda tsarin ke yoyo. Mai yiwuwa uban zai ce yaron ya yi shekara huɗu bai iya rubuta sunansa ba. Mai yiwuwa ya ce malamin ba ya zuwa, ko kuɗin da ake karɓa a makarantar da aka ce kyauta ce ya fi ƙarfinsa. Ko mene ne dalilinsa, gwamna mai zuwa na buƙatar jin sa fiye da yabon shugaban ƙungiyar iyaye. Kada kuma a manta hedimasta ma'aikacin gwamnati ne, kuma sa shi tara wa ɗan takara mutane jefa shi cikin tsaka mai wuya ne. A 2025, lokacin da Bauchi da Kano da Katsina da Kebbi suka rufe makarantu a watan azumi, an yi ta muhawara a gidajen talabijin na Abuja da Legas da shafukan sada zumunta. Muryar da aka fi ƙarancin ji ita ce ta iyayen yaran, musamman na karkara.

Akwai wurin da muke roƙon a nisance shi baki ɗaya, shi ne layin awo da na rigakafi. Nan ne aka fi samun mata masu goyo a tare, kuma mai neman sauƙi zai yi kwaɗayin tsayawa a ƙofar asibiti da takardarsa. Arewa ta ɗanɗana kuɗarta a 2003, lokacin da zargi ya shiga tsakanin jama'a da allurar shan inna, aka dakatar da ita a Kano kusan shekara guda, cutar ta bazu har ƙasashen waje. An sha wahala kafin a dawo da yardar iyaye. Ɓarkewar mashaƙo a 2023, wadda ta taɓa wannan yanki, ta nuna cewa aikin bai ƙare ba. Ranar da uwa ta fara zargin cewa sunan da ta bayar a asibiti ya koma hannun 'yan siyasa, ranar ta daina kai yaro rigakafi.

Gayyata ta WhatsApp ko Facebook kuwa ba ta buƙatar dogon bayani. Za ta kawo matasa maza 'yan boko masu babbar waya, su ne kuma dama ake ji kullum.

Ita kanta kalmar iyaye tana buƙatar a tsaya a kanta. Takardar tantancewa da aka kwafo daga waje takan tambayi mutum ko yana da ɗa ko 'ya da ba su kai shekara 18 ba a gidansa. A ƙasar Hausa wannan tambaya ta yi ƙunci. Kakar da ke riƙe da marayu huɗu uwa ce. Gwaggon da aka ba riƙon 'yar ƙaninta tun yaye uwa ce. Malamin tsangaya da ke kwana da almajirai arba'in, shi ke neman musu magani in zazzaɓi ya kama su, shi ma ya cancanci kujera a ɗakin. Bazawarar da aka saki da yara uku, tana tuyar ƙosai tana biyan kuɗin Islamiyya, ta fi kowa sanin abin da cire tallafin man fetur na ranar 29 ga Mayun 2023 ya yi wa tukunya, amma da wuya a tuna da ita in an ce a kira magidanta. Sannan ga alkunya. Akwai uwar da har yau ba ta ambatar sunan ɗanta na fari, akwai kuma wadda in an tambaye ta yawan 'ya'yanta a gaban mutane za ta kawar da kai ta ce suna nan dai. Mai tambayar da bai san wannan ba zai ɗauka tana ɓoye wani abu ne. Haka nan magidanci mai shekara talatin ba zai musa wa sa'an mahaifinsa a bainar jama'a ba, balle surukinsa. In aka haɗa su ɗaki ɗaya, ra'ayin dattijo ɗaya aka ji sau goma.

Batun mata ya fi kowanne nauyi. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa ba sai a 1979, bayan gwagwarmayar da irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri a kanta. A yau kowa na ganin tsawon layinsu ranar zaɓe, kuma kowane ɗan takara na zawarcin wannan layi da atamfa da taliya da sabulu. Tambayarsu abin da suke so ne dai ba a cika yi ba. Matar aure da ba ta saba fita ba, ba za ta je ɗakin taro na otal ta zauna gaban baƙon namiji ba, mijinta ma ba zai bari ba. Waɗanda za su je su ne 'yan siyasar mata da suka saba da taro, kuma ra'ayinsu, duk da muhimmancinsa, ba shi ne na matan cikin gida ba. Wanda ke son ji da gaske sai ya nemi mace ta jagoranci zaman, a cikin gidan da matan suka amince da shi, da iznin mazajensu amma ba a gabansu ba, a lokacin da ba na girki ba. Kishiyoyi biyu kada su haɗu a zama ɗaya, haka ma uwar miji da matar ɗanta. In akwai wadda Fulatanci ko Barbarci ya fi mata sauƙi, a nemo mai jin harshen. Duk wannan na cin lokaci da kuɗi, shi ya sa ake tsallake shi.

Sai maganar kuɗin mota. Ba mu cikin masu cewa kada a ba da komai. Ɗan acaɓa ko leburan da ya bar neman abincin yini ya zo ya zauna awa biyu ya cancanci a biya shi lokacinsa, in ba haka ba masu hali kaɗai za su riƙa zuwa. Amma tazarar da ke tsakanin ladan zama da sayen ƙuri'a ba ta da faɗi, musamman a wannan zamani na matsi. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mutumin kirki da aka damƙa wa ambulan mai hoton ɗan takara zai ji nauyin ya soke shi, zai ma iya jin nauyin ƙin zaɓensa. Saboda haka a faɗi adadin tun wajen gayyata, ya zama daidai ga kowa, ya zama gwargwadon wahalar zuwa, a kuma bayyana cewa ko yabo mutum ya yi ko suka haƙƙinsa na nan. Zaman da aka tashi aka raba buhun shinkafa ya tashi daga bincike. Haka kuma a lura da ɗan gari mai karɓar kamasho a kan kowane kai, wanda ke yanke rabin abin da aka ba mutanen a bayan ɗaki, domin shi ne ke kawo fuskoki iri ɗaya a kowane zama, yau a matsayin iyaye, gobe a matsayin manoma.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne takardar da ake zagayawa da ita a rubuta suna. Suna da lambar waya da unguwa, wani lokaci har da yawan 'ya'ya da makarantar da suke. A watan Disambar 2022 hukumar zaɓe INEC ta fito fili ta yi gargaɗi cewa wasu 'yan siyasa na sayen katunan zaɓe, suna kuma yaudarar mutane da kuɗi don kwashe lambobin katunansu. Na'urar BVAS ta sa da wuya wani ya yi zaɓe da katin wani, amma wanda aka karɓe wa kati an rage ƙuri'a ɗaya a rumfar da abokin hamayya ke da ƙarfi, wanda aka kwafi lambarsa kuwa ana iya tsorata shi cewa za a san abin da ya dangwala. Babu wani binciken ra'ayi na gaskiya da ke buƙatar katin zaɓen mutum ko lambarsa ta ɗan ƙasa. Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta lissafa ra'ayin siyasa cikin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman, ta kuma ba mutum ikon sanin dalilin karɓar bayanansa da ikon janye amincewarsa. Wanda yake ganin wannan tsoro ya yi yawa ya tuna rahotannin da jaridun Birtaniya suka buga a 2018, cewa an ɗauki kamfanin Cambridge Analytica aiki a zaɓen Nijeriya na 2015 don ɓata sunan Muhammadu Buhari. A ƙaramin gari ma ba sai an kai ga kwamfuta ba. Muryar malamin firamare yana sukar gwamnati, in ta faɗa hannun da bai dace ba, ta isa a yi masa canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da babu hanya.

Masu bincike sukan ce in aka faɗi wanda ya ɗauki nauyin zaman, amsoshin za su karkata. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma mafi ƙarancin abin da ya wajaba shi ne a gaya wa mutum tun farko cewa zaman na siyasa ne, a faɗi sunan kamfanin da ke gudanar da shi da inda za a same shi, a kuma nemi izni kafin a kunna na'ura. Haramun ne a kira iyaye da sunan taron inganta ilimi ko rajistar tallafi, su zo da fatan za a taimaki 'ya'yansu, sai su tarar ana gwada musu hotunan 'yan takara. Mafi muni shi ne mai fakewa da tambaya yana shuka ƙazafi: "Baba, in ka ji cewa wane ya yi kaza da kaza, za ka zaɓe shi?" Wannan bai zo jin komai ba, ya zo ne ya aiki mutum goma su kai ƙarya majalisu goma.

Me ya sa duk wannan ya shafi wanda ba a gayyata ba? Saboda abin da aka faɗa a ɗakin shi zai zama ajandar zaɓe. Tun 1999 gwamnoni huɗu aka yi a Bauchi, Ahmadu Adamu Mu'azu da Isa Yuguda da Mohammed Abdullahi Abubakar da Bala Mohammed, dukansu daga Bauchi ta Kudu. Rabon yankin Katagum da kujerar tun marigayi Abubakar Tatari Ali, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983. Ƙorafin gaskiya ne, kamar yadda neman Jihar Katagum ya daɗe yana da masu goyon baya. In aka cika ɗaki da 'yan boko da 'yan jam'iyya, wannan magana ce za ta cinye awa biyun, ɗan takara kuma ya fito da taken cewa lokacinmu ne, ya ɗauka ya gama. Ba mu ce iyayen karkara ba su damu da wannan ba. Muna cewa ne a tambaye su a ji inda suka ajiye shi a jerin damuwarsu, a gaban maganin zazzaɓi da taki da malamin lissafi ko a bayansu. A watan Agustan 2024 sai da aka sanya dokar hana fita ta awa 24 a Ƙaramar Hukumar Katagum bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe a Azare. Matasan da suka cika tituna a ranar suna da iyaye, kuma waɗannan iyaye na da abin faɗa game da yadda yaro ke fin ƙarfin gida in babu makaranta babu sana'a. Shugaban mazaɓa ba zai kawo su ba, domin ba su ne masu faranta wa baƙo rai ba.

Muna kira ga Hukumar Kare Bayanan Jama'a ta Ƙasa da ta fitar da gargaɗi da Hausa, a gidajen rediyon da ake saurare a yankin, tun kafin kakar kamfe ta yi zafi. INEC da jami'an tsaro su ɗauki karɓar katin zaɓe da sunan bincike a matsayin laifin da doka ta riga ta hana. Ma'aikatun ilimi da lafiya na jihar su hana amfani da azuzuwa da asibitoci da ma'aikatansu wajen tara wa kowane ɗan takara mutane, har da na jam'iyya mai mulki. Kamfani ko ƙungiyar da ta fito ta ce iyayen Katagum sun ce kaza, 'yan jarida su tambaye ta zama nawa ta yi, a waɗanne garuruwa, mata nawa, wa ya zaɓo mutanen, wa kuma ya biya. In ba ta amsa ba, kada a buga.

Ga uba ko uwar da aka yi wa sallama da irin wannan gayyata kuwa, babu laifi a je, kuma in an je a faɗi gaskiya. Amma kafin a tashi a tambayi mai gayyatar wa ya aiko shi, ina za a kai muryar da za a ɗauka, kuma ko za a haɗa ta da suna. Duk tambayar da mutum bai so ba yana da ikon yin shiru a kanta, yana kuma da ikon tashi ya tafi. Kada a ba da sunayen yara ko makarantarsu. In mai gayyatar ya nemi ganin katin zaɓe ko ya ce zai ɗauki hotonsa, a ƙi, a kuma kai rahoto ofishin INEC na ƙaramar hukuma. Na Katagum yana Azare, na Zaki kuma yana garin Katagum.